Tambayoyin Masu Karatu: Tafiya Aiki Birtaniya da Maiɗaki da Kyanwa

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malama. Ni injiniya ne mazaunin Kaduna, shekarata shida ina aiki da wani kamfani mai babban ofishi a birnin Manchesta na ƙasar Birtaniya. Yanzu sun ce za su mayar da ni can, su tsaya mini wajen neman biza, su kuma taimaka da kuɗin ƙaura, sai dai ba su faɗi ko nawa ne ba, kuma suna so in kama aiki nan da mako goma. Ni da maiɗakina ne kawai a gida, Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna, amma muna da kyanwa da muka raina tun tana 'yar ƙarama, yau shekara huɗu ke nan. Maiɗakina ta shaƙu da ita ƙwarai, har ta ce hankalinta ba zai kwanta ba idan muka tafi muka bar ta, 'yan'uwa kuwa suna ganin ɓarnar kuɗi ce kawai. Ta ina zan fara, kuma zai yiwu mu tashi tare rana ɗaya?

Injiniya, daga Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam, Injiniya. Allah ya sanya albarka a wannan ci gaba, ya sa tafiyar ta zama alheri gare ku. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe domin ita ce ke da amsa kai tsaye: idan ba a riga an fara shirya wa kyanwar takardu ba, ba za ku iya tashi tare nan da mako goma ba, sai dai idan kun yarda a killace ta a can. Bizarka da ta maiɗakinka za su iya fitowa cikin 'yan makonni, amma shirin kyanwa ba ya kasa wata huɗu, saboda haka daga ranar da ita za ta iya shiga ƙasar ya kamata ku ɗora lissafin sauran abubuwa.

Dalili shi ne cutar haukan kare, wadda kyanwa ma tana ɗauka. Birtaniya ta daɗe da raba dabbobinta na gida da wannan cuta, kuma Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ta sassauta wa sharuɗɗa, don haka akwai matakan da dole a bi su ɗaya bayan ɗaya. Da farko likitan dabbobi zai dasa wa kyanwar 'yar na'urar shaida, wadda girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba, a ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗunta. Na'urar tana ɗauke da lamba mai alƙaluma 15, kuma wannan lamba ce za ta riƙa bin kowace takarda har ƙarshen tafiyar. Bayan an dasa ta, ko a zama ɗaya da dasa ta, sai a yi allurar rigakafin haukan kare. Daga nan a jira aƙalla kwana 30 kafin a ɗebi jini, a aika da shi ɗakin gwajin da hukumomin can suka amince da shi, wanda galibi yana nufin aika shi waje, kamar Afirka ta Kudu ko wata ƙasa a Turai. Idan sakamakon ya nuna garkuwar jikinta ta kai ma'aunin 0.5 a kowane mililita na jini, sai a ƙirga wata uku cur daga ranar da aka ɗebi jinin. Idan bai kai ba, a sake allura, a sake gwaji, lissafi ya koma farko.

A nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Wata ƙawata ta taɓa zuwa wurina da katin rigakafin kyanwarta cike da hatimi, shekara bayan shekara ba fashi, tana ganin ta gama rabin aiki. Da muka duba sai muka tarar an yi duk alluran ne kafin a dasa na'urar, kuma a idon hukumomin Birtaniya allurar da ta riga na'ura kamar ba a yi ta ba ce, tunda babu abin da ke tabbatar da cewa wannan kyanwar ce aka yi wa. Haka ta koma ta fara daga tushe, tafiyarta ta ja baya da watanni. Saboda haka ranar da za ku je wurin likita, ku roƙe shi ya goga abin karanta lambar a bayan kyanwar a gabanku, ku ga lambar ta fito, ku gwada ta da wadda ya rubuta a kati ɗaya bayan ɗaya, domin lamba guda da aka juya tana iya sa a killace dabbar a can har tsawon wata huɗu, kuma mai ita ne zai biya kuɗin killacewar. Kuna Kaduna, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ba shi da nisa da ku, idan likitanku na gida bai saba da irin wannan aiki ba.

Shawarata ita ce ka riga su tafiya, maiɗakinka ta biyo ka da kyanwar idan wa'adin ya cika. Amma akwai sharaɗin da ya kamata ku kiyaye tun yau, wato dole dabbar ta sauka cikin kwana biyar kafin isowar mai ita ko bayan isowarsa, in ba haka ba sai a bi da ita ta ƙa'idojin dabbobin kasuwanci, waɗanda suka fi tsauri da tsada. Tunda maiɗakinka ce za ta zo daga baya, sunanta ya kamata a rubuta a matsayin mai kyanwar a katin rigakafi da takardar gwajin jini da duk abin da zai biyo baya, kuma a rubuta shi yadda yake a fasfonta. Wannan rabuwa ta 'yan makonni tana da ɗaci, na sani, amma za ta ba ka damar neman gida a tsanake, ita kuma ta yi sallama da dangi ba cikin gaggawa ba.

Sai batun kamfani, wanda a ganina ka yi masa sakaci kaɗan. Alkawarin "za mu taimaka" ba abin dogaro ba ne har sai ya hau takarda, kuma neman a rubuta ba rashin kunya ba ne, su kansu sun saba da hakan. Abu na farko da za ka tambaya shi ne wace irin biza za su nema maka. Akwai bizar ƙwararrun ma'aikata, wadda ake iya neman izinin zama na dindindin da ita bayan shekara biyar, ko da yake a watan Mayun 2025 gwamnatin ƙasar ta bayyana aniyar tsawaita wannan wa'adi zuwa shekara goma. Akwai kuma bizar da ake ba manyan ma'aikatan da kamfani ya ɗauko daga reshensa na wata ƙasa, wadda ta fi dacewa da yanayinka a ido, amma ba ta kai mutum ga zaman dindindin. Wanda ke son ya yi shekara uku ya dawo gida ba ruwansa da bambancin, wanda kuwa ke tunanin zama mai tsawo dole ya sani tun kafin ya sa hannu. Ga bizar ƙwararru, mafi ƙarancin albashi a ƙa'ida ya koma fam 41,700 a shekara tun daga Yulin 2025, sai dai idan abin da ake biyan masu irin sana'arka ya fi haka, to wannan ne za a bi.

Ka kuma tambayi wanda zai biya kuɗin kiwon lafiya na baƙi, wanda ke ba ku damar amfani da asibitocin gwamnati na NHS. Tun Fabrairun 2024 kuɗin ya zama fam 1,035 ga kowane baligi a shekara, kuma ana biyan sa gaba ɗaya lokacin neman biza, ke nan ku biyu a bizar shekara uku za ku ajiye fam 6,210 kafin ku taka jirgi. Kamfanoni da yawa suna biya wa ma'aikacin su bar shi da na iyalinsa, shi kuma bai sani ba sai ya zo shafin biyan kuɗi. Haka nan ana bukatar shaidar cewa kana da fam 1,270, maiɗakinka kuma fam 285, sun kwana 28 a jere a asusun banki, sai fa idan kamfanin ya rubuta a takardar ɗaukar nauyinka cewa ya ɗauki wannan a wuyansa, abin da ba ya cinsa komai idan ka nema da wuri. Dokar harajin ƙasar ta yafe haraji a kan kuɗin ƙaura har fam 8,000 idan sun cika sharuɗɗa, saboda haka kana da hujjar tambayar adadin da suka ware da abin da ya ƙunsa, ko har da tikitin maiɗakinka, da masauki na makonnin farko, da jigilar kyanwa. Ba kowane kamfani ke yarda da na ƙarshen ba, amma wanda bai tambaya ba ba a ba shi.

Akwai sakin layi guda a irin wannan yarjejeniya da nake so ka karanta sau biyu, wanda ke cewa za ka mayar da kuɗin da aka kashe maka idan ka bar aiki kafin wani lokaci. Ka duba ko bashin yana raguwa da tafiyar watanni, ka kuma duba ko ya shafe ka idan su ne suka sallame ka. Muhimmancin wannan shi ne bizar tana ɗaure da kamfanin, idan aikin ya ƙare yawanci kwana 60 ake ba mutum ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar, kuma izinin maiɗakinka yana rataye ne da naka.

Ta ɓangarenta, takardar aure ce kan gaba. Da yawa daga cikinmu an ɗaura mana aure a masallaci ko a ƙofar gida, shaidu sun shaida, an raba goro da alewa, amma babu takarda ko ɗaya a hannu. Idan haka naku yake, ku nemi takardar shaidar aure daga hukumar da ke bayarwa tun yanzu, idan kuma da Hausa ko Larabci aka rubuta ta, a yi mata fassarar Ingilishi mai ɗauke da sunan mai fassara da sa hannunsa. Ku jera fasfo da takardar aure da katin ɗan ƙasa a kan tabarma ku duba sunayen, domin Maryam a nan da Mariam a can, ko Muhammad da Mohammed, kan jawo tambayoyi da jinkiri. Ku biyun kuma za ku yi gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, kamar cibiyoyin hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, a Abuja da Legas, kuma takardar wata shida take aiki, don haka kada ita ta yi nata da wuri fiye da kima.

Ga 'yan'uwa masu cewa ɓarna ce, ina ganin ba su hango rayuwar da ke jiran wannan baiwar Allah ba. Kai za ka fita da safe ka tarar da abokan aiki, ita kuwa za ta wuni a gidan da ba maƙwabciya mai leƙowa, ba yaran unguwa masu sallama, a garin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba. Bizarta ta ba ta damar yin aiki ko karatu, kuma ina ba ta shawarar ta fara neman abin yi tun tana gida, amma kafin wannan ya samu, halittar da ta saba da ita tana zagaya ƙafafunta a kicin ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai idan likita ya ce lafiyar kyanwar ba za ta ɗauki tafiyar ba, ko kuma sai kun ci bashi za ku iya, to ku nema mata gidan amana tun da sauran lokaci, ku kai ta ta saba da mutanen kuna nan. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a kulle gida a bar ta a titi, kuma kowa ya san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha.

Idan kun yanke shawarar tafiya da ita, ku sani cewa ba za ta zauna kusa da maiɗakinka a jirgi ba, domin dabbobin gida suna shiga Birtaniya ta sama ne a matsayin kaya masu rajista, ta kamfanonin jirage da hanyoyin da aka amince da su kawai, shi ya sa ake ɗaukar ejan da ya ƙware a jigilar dabbobi. Ku sayi kejin tafiya irin wanda ƙa'idar jiragen sama ta yarda da shi, wanda za ta iya miƙewa tsaye ta juya ta kwanta a ciki, ku ajiye shi a falo a buɗe tun yanzu, a shimfiɗa tsohon zanen uwargida a ciki, a riƙa sa mata abinci a bakinsa har ta ɗauke shi ɗakinta. Kada a ba ta maganin barci ranar tafiya, likitoci suna hana wannan saboda haɗarinsa a sama. Za a bukaci izinin fitar da dabba daga hukumomin Najeriya, da takardar lafiya ta shiga Birtaniya wadda likitan gwamnati zai sa wa hannu, kuma dole kyanwar ta sauka cikin kwana goma da bayar da ita. Ku cike takardar neman sassaucin kwastan ta masu ƙaura da zama tun kafin tafiya, ku sa kyanwar a ciki, don kada a caje ku haraji a kanta.

Kai kuma da ka riga su isa, kada ka sa hannu a kan hayar gida sai an rubuta a yarjejeniyar cewa an yarda da kyanwa, domin masu gidaje da yawa ba sa so, kuma ka tambayi kamfani ko masaukin wucin gadin da za su ba ka yana karɓar dabba. Idan ta filin jirgin Heathrow da ke Landan suka sauka, za a wuce da ita cibiyar karɓar dabbobi da ke wurin a duba lambarta da takardunta, abin da kan ɗauki sa'o'i, saboda haka kada ku sayi tikitin jirgin ƙasa zuwa Manchesta mai matsattsen lokaci. Bayan kun natsu a gida, ku yi wa lambar na'urarta rajista da sabon adireshinku a ɗaya daga cikin rumbunan bayanan da gwamnati ta amince da su, domin tun 10 ga Yunin 2024 doka ta wajabta hakan ga masu kyanwa a Ingila, kuma tarar saɓa mata tana kai fam 500.