Wace Lamba Ta Dace da Tsohuwar Fijo 504?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji Fijo 504 ƙirar 1979 daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa, na kuma shafe shekara biyu ina gyaranta har ta dawo kamar sabuwa. Ina so in yi mata lamba ta musamman, amma na rasa abin da zan rubuta: sunana, sunan marigayi, ko wata kalmar addu'a? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya gafarta wa mahaifinka, Ya saka maka da alheri bisa riƙon wannan amana. Shawarata ita ce ka bar lambar ta yi magana a kan motar, domin ita ce mai tarihi. A 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, kuma tun da masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, wannan mota ta zama ta ma'aikatan gwamnati, ta 'yan kasuwa, ta direbobin tasha, har ya kasance da wuya ka sami gidan da ba shi da labarin wata tafiya da aka yi a cikinta. Saboda haka rubutu gajere irin FIJO 79 ya wadatar, duk wanda ya san zamanin zai gane da kallo ɗaya. Idan zuciyarka ta fi karkata ga marigayi, BABA 79 ya haɗa biyun ba tare da ka bayyana sunan gidanku ga duk mai wucewa ba, abin da ban ga hikimarsa ba a halin tsaron da ake ciki.

Batun addu'a kuwa, ina roƙonka ka nisanci sanya sunan Allah ko wani yanki na aya. Lamba tana ƙasa-ƙasa ne, kusa da taya, inda taɓo da ruwan kwata suke fantsama a kanta kullum, kuma ranar da ta lanƙwashe a bola za ta ƙare. Haka nan kada ka rubuta sarautar da ba a naɗa ka ba.

Kafin duk wannan, ka gyara takardu. Tunda motar gado ce, ka sami amincewar sauran magada a rubuce, a mayar da mallakarta zuwa sunanka, a kuma tabbatar lambar inji da ta shasi sun dace da abin da ke cikin takardu, musamman idan an taɓa sauya inji wajen gyara. Daga nan ka je ofishin rajistar motoci na jiharka da kanka, ka miƙa zaɓi biyu ko uku ko da wani ya riga ka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ce ke buga lambar, kuma kuɗinta ya fi na lambar yau da kullum nesa ba kusa ba. Kada ka yarda da mai bugawa a bakin titi, domin lambar da ba ta cikin rajista ta bogi ce a idon hukuma.

Tsohuwar lambar da marigayi ya yi amfani da ita, idan tana nan, ka goge ta ka adana a gida tare da takardun motar na asali.