Azumin Hindu: akasarinsa sauya abinci ne

Hajiya, kin tambaya ko azumin mabiya addinin Hindu irin namu ne, kuma ko da gaske yana gyara lafiya kamar yadda ake ta yaɗawa. Na yi karatun harhaɗa magunguna a Pune, jihar Maharashtra ta ƙasar Indiya, kuma a gidan Hindu na yi haya, bari in faɗi abin da idona ya gani.

Ba irin namu ba ne. Ba su da wata guda da kowa zai kame baki daga alfijir zuwa faɗuwar rana. Mutum ne ke ɗaukar wa kansa alwashi, wani Litinin saboda Shiva, wani Talata saboda Hanuman, duka cikin allolin da suke bauta wa. Wanda ya fi yawa shi ne Ekadashi, rana ta 11 a kowane rabi na watansu, wato sau biyu a wata, don Vishnu, shi ma abin bautarsu ne. Sai azumin bikin Navratri na kwana 9. A 2014 firaministan Indiya Narendra Modi yana tsakiyar wannan azumin ya je liyafar Obama a Amurka, ruwan ɗumi kawai ya sha.

Amma irin Modi ba su da yawa. Galibi ana ci ana sha, abincin ne ake sauyawa. Ba shinkafa, ba alkama, ba wake, ba albasa da tafarnuwa, gishiri ma sai na dutse. Madara, kindirmo, 'ya'yan itace, dankali da gyaɗa duk sun halatta. Uwar gidanmu tun dare take jiƙa sabudana, wasu fararen ƙwayoyi da ake yi da sitacin rogo, da safe ta soya da man shanu, dakakkiyar gyaɗa, dankali da ɗanyen barkono. Daɗi kam ba a magana, har na riƙa ɗokin ranar azuminta.

A nan nake ja da masu cewa azumin magani ne. Likitancinsu na gargajiya, Ayurveda, yana koyar da hutar da ciki, kuma wanda ya tsaya a kan 'ya'yan itace da madara lallai zai ji jikinsa sakayau. Wanda kuwa ya wuni kan soyayyen sitaci, sukarin jininsa hawa zai yi. Mafi tsanani shi ne wani Ekadashi da ake kira Nirjala, ko ruwa ba a sha, ga shi yana faɗowa a zafin Mayu ko Yuni.

Ta fuskar ibada, matar nan ba ta taɓa yi min zancen ƙiba ko rama ba. Ranar sai ta rage surutu, ta kunna fitilar mai a ɗakin bautarta, ta zauna da carbinta mai ƙwaya 108. Ita horar da zuciya take nufi.

In kina shan maganin ciwon suga, Hajiya, kada ki gwada ko wanne sai likitanki ya duba miki awon maganin.