Ga ƙanwata da ƙarin girma ya tsallake

Ƙanwata, sau biyu na karanta tambayarki. Kin ce an yi ƙarin girma a wurin aikinku an tsallake ki, kuma tun ranar kike jin kamar dama can ba ki cancanci aikin ba, alhali abokiyar aikinki da aka tsallake tare da ke cewa kawai ta yi bana ba rabo, ta ci gaba da harkokinta. Kina son sanin ko halitta ce, ko kuwa mutum yana iya sauyawa. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da kika faɗa a wucewa, cewa kwangilar da kika samo wa kamfani bara sa'a ce kawai.

Na yi shekara 21 a sashen ciniki, takwas daga ciki ina shugabantar mutane. A shekarata ta huɗu babban abokin cinikin da ke hannuna ya janye. Daren nan ban runtsa ba, kafin gari ya waye har na rubuta takardar ajiye aiki. Ogana na lokacin, dattijo ne mai ƙarancin magana, bai ko buɗe takardar ba. Ya tambaye ni abokan ciniki nawa nake kula da su, na ce goma sha biyu. Nawa suka tafi? Na ce ɗaya. Ya ce to in je in rubuto masa dalilin tafiyar ɗayan nan, ban da kalmar "kullum", ban da "komai", ban da "ni dama". Da na zauna rubutawa sai na ga abu biyu. Mutumin ya sami rangwame a wani wuri, kuma ba ni nake tsayar da farashi ba. Na biyu kuwa nawa ne: ya kira sau uku a mako guda, ina ta cewa gobe zan neme shi. Wannan laifi ne mai suna, ana gyara shi. "Ban iya aiki ba" kuwa ba shi da inda za a kama shi a gyara.

Sai bayan shekaru na san cewa masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin wannan. Martin Seligman na Jami'ar Pennsylvania a Amurka da abokan aikinsa sun nuna cewa idan abu ya ɓaci, bayanin da mutum yake yi wa kansa yakan bi hanya uku: shin abin mai ɗorewa ne ko mai wucewa, ya shafi komai nawa ne ko wannan aikin kaɗai, kuma daga ni ne ko akwai hannun yanayi. Mai mummunan zato yakan ce ni ne, haka zan dawwama, kuma ko'ina haka nake. In nasara ta zo sai ya juya ma'aunin, ya ce dace ne, ba zai maimaitu ba. Duba tambayarki da kyau, haka kika yi: kin rungumi faɗuwar a matsayin taki, kin miƙa wa sa'a nasarar.

Ba magana ce ta jin daɗin zuciya kawai ba. A 1986 Seligman da Peter Schulman sun wallafa binciken da suka yi a kan masu tallan inshora na kamfanin Metropolitan Life, aikin da ake ce wa mutum "a'a" fiye da "e" kowace rana. Rabin da suka fi kyakkyawan zato sun sayar da inshora fiye da ɗaya rabin da kashi 37 cikin ɗari a shekaru biyun farko. Na yarda da wannan don na gani da idona. Wanda ya ɗauki "a'a" a matsayin hukunci a kansa yakan daina ɗaga waya tun kafin azahar, wanda ya ɗauke ta a matsayin amsar mutum ɗaya kuwa yakan kira na gaba.

Sai dai kada ki ɗauka ina cewa ki zama abokiyar aikinki. Ban san ta ba, amma na shugabanci masu irin wannan sauƙin kai da yawa, kuma wasunsu sun fi ba ni wahala. Akwai wanda in an yi nasara shi ne, in an faɗi kasuwa ce ko oga ko abokan aiki. Laifi tudu ne, ya taka nasa yana hango na wani, shekara biyar yana maimaita kuskure ɗaya cikin fara'a. Kyakkyawan zato kuma mugun abokin shawara ne wurin tsara lokaci da kuɗi. Gidan kiɗa da wasan kwaikwayo na Sydney (Opera House) a Ostareliya an ƙiyasta za a gama shi a 1963 a kan dala miliyan 7 ta ƙasar, sai a 1973 aka buɗe shi bayan ya ci miliyan 102. Shi ya sa kafin mu fara kowane babban aiki nake sa mutanena su ɗauka an riga an yi shi ya rushe, kowa ya rubuta abin da ya rusa shi, dabarar da na koya daga rubuce-rubucen Gary Klein, masanin halayyar ɗan Adam. A irin wannan zama, masu hali irin naki su ne suka fi kowa amfani, domin suna hango ramin da sauran ba sa gani. Hangen naki ba aibi ba ne. Kina amfani da shi ne bayan sakamako ya fito, kina yi wa kanki shari'a, maimakon kafin aiki inda zai kare ki.

Ga abin da zan so ki yi a makon nan. Ki ɗauki kwangilar bara ki rubuta duk abin da kika yi har ta tabbata: kira nawa, zama nawa, wane gyara kika yi wa tayin. In kin gama, ki duba ko har yanzu sunanta sa'a. Sannan ki nemi ganin shugabanki, ba don ƙorafi ba, ki tambaye shi me aka duba wurin zaɓe, kuma me yake so ya gani daga gare ki kafin zagaye na gaba. Wataƙila guraben ne suka yi kaɗan, wataƙila akwai abu takamaimai da ya rage miki, kuma kowanne ya fi abin da kike faɗa wa kanki da dare sauƙin ɗauka.

In kuwa abin ya kai ga hana ki barci ko cin abinci har tsawon makonni, don Allah ki ga likita, wannan ya wuce shawarar irina. Ina jiran jin yadda zamanku da shugaban naki ya kasance.