Tambaya da Amsa: Ana Cin Abinci da Tanis na 'Yan Bibbiyu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara 16, yana buga tanis. Kocinsa ya ce hannunsa ya fi kyau a bakin raga, kuma idan aka haɗa shi da abokin wasa ba a cika cin su ba. Shin zai iya riƙe wasan 'yan bibbiyu kaɗai a matsayin sana'a? (Wani uba daga Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Akwai masu cin abinci da shi, amma a fara duba kuɗin. A gasar Wimbledon ta 2024, zakaran 'yan ɗaiɗai ya karɓi fam miliyan 2.7. Henry Patten da Harri Heliövaara, da suka lashe ta 'yan bibbiyu, fam 650,000 aka ba su, su raba biyu. Wanda aka fitar a zagayen farko na 'yan ɗaiɗai ya tafi da fam 60,000, a 'yan bibbiyu kuwa fam 15,750 ne na mutum biyu. Daga ciki za a cire haraji, kuɗin jirgi, na koci da na ɗaure igiyar raket. A ƙananan gasannin ITF (hukumar tanis ta duniya), inda kowa ke farawa, ladan sau da yawa ba ya biyan kuɗin tafiya.

Shiga gasa ma wani aiki ne. Ana haɗa matsayin 'yan wasan biyu a jadawalin duniya: na 60 da na 75 sun zama 135, kuma masu ƙaramin jimilla ake fara ɗauka. Manyan gasanni huɗu na duniya, irin su Wimbledon, na ɗaukar tawaga 64, ƙananan gasannin ATP (ƙungiyar ƙwararrun 'yan tanis maza) 16 kacal, ga shi 'yan ɗaiɗai na iya shiga da nasu matsayin su cinye gurabe. Makin da ake samu a gasa don hawa jadawalin kuma mako 52 yake yi ya faɗi. Shi ya sa idan abokin wasa ya ji rauni ko matsayinsa ya zube, ake rabuwa ko da ana ɗasawa. Irin su tagwayen Amurka Bob da Mike Bryan, da suka ci kofi 119 tare kafin su yi ritaya a 2020, ba su da yawa.

Shawararmu, kada yaro ya ajiye wasan 'yan ɗaiɗai yanzu. A nan ake gina ƙarfin sabis (bugun da ake fara wasa da shi) da iya mayar da shi, kuma galibin ƙwararrun 'yan bibbiyu daga can suka sauya sheƙa bayan sun manyanta. Ya riƙa buga duka biyun a gasannin gida irin su Dala Hard Court ta Kano, ya kuma riƙe karatu, don jami'o'in Amurka na ba 'yan tanis tallafi. Ta Jami'ar Houston Nduka Odizor, ɗan Najeriya, ya bi, ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, ya kuma ci kofunan 'yan bibbiyu. Babu gaggawa: Rohan Bopanna na Indiya yana da shekara 43 ya zama na ɗaya a duniya, a Janairun 2024.

Tambaya: Malam, a wasan 'yan bibbiyu, mece ce alamar da na bakin raga ke yi da hannu a bayansa? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Malama, yana gaya wa abokin wasansa mai sabis inda zai aika ƙwallo da abin da shi zai yi. Yawanci dunƙule hannu na nufin zai tsaya a wurinsa, buɗe tafi kuma zai tsallaka ya tare ƙwallon a tsakiya, sai mai sabis ya ruga ya rufe gefen da aka bari. Faɗin filin mita 10.97 ne, maimakon 8.23 na 'yan ɗaiɗai, don haka idan mai sabis ya makara ko dukansu suka nufi gefe guda, an bar wa abokan hamayya hanya a buɗe.

Sabis ɗin da ya dace da tsallakawa shi ne wanda aka saita layin tsakiya ko jikin mai karɓa, domin yana hana shi samun kusurwa. Wanda aka buga can gefe yakan ba shi damar harbo ƙwallo ta bakin layi. Kuskure a nan na da tsada, saboda a wasan 'yan bibbiyu na gasannin ATP idan aka kai 40-40 maki ɗaya ne ke raba gardama, masu karɓa ne kuma ke zaɓar gefen. Idan kowa ya ci zango ɗaya, ba a buga na uku, sai a yi tseren maki 10, da sharaɗin tazarar maki biyu.