Rabon kason kifi a tafkin Tabalak

Malam, ka tambaya ko rabon kason kifi zai yiwu a Tabalak, tafkin nan na jihar Tahoua a Nijar. Yadda ake yi: hukuma ta ƙayyade kifin da za a kama a shekara, ta yanka wa kowane mai jirgi kasonsa, in ya so ya sayar ko ya ba da haya. Niyu Zilan ta soma a 1986. Rige-rigen kamu ya ragu, amma kason ya taru hannun manyan kamfanoni, ƙananan masunta suka koma ƴan haya.

A Tabalak wa zai auna? Kwalekwale na isowa gaɓa, mata sun kwashe karfasa a kwando kafin ma'aikacin gandun daji mai kula da kamun kifi ya ɗaura takalmi. Ni dai na fi son a hana taru mai ƙananan idanu, a rufe tafkin lokacin da kifi ke ƙwai.