Bambar ɗin mai shayi da mumbarin coci

Yarona na ji saƙonka tun jiya, intanet ne ke mana wasa a nan Bur Sudan shi yasa sai yanzu. Kace in ba ka izini ka ture bambar shida, ƙananan kujerun nan na saƙar igiya, na Hajja mai shayi zuwa wani mako ka koma kan mumbarin da fasto ya kawo mana, tunda wai wancan aikin Allah ne wannan kuma na kasuwa. Sannan kana tsoron ko zanen da kake son sassaƙawa a gaban mumbarin zai zama nuna kai.

Ta farko kam a'a. Matar nan ta turo rabin kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, mun ce mata Alhamis, kuma da kujerun nan take ci da marayunta, duk wanda ya zo shan jabana, wato kofi, bai samu wurin zama ba gaba zai yi. Mumbari kuwa sai Ista ake buƙatarsa. Mu Kirista 'yan tsiraru ne a garin Gadarif, makwabtanmu Hausawa kusan duk Musulmi ne kuma babu mai zuwa ya saurari wa'azin fasto, abin da suka sani game da addininka shi ne in kace Alhamis Alhamis ɗin ce ko ba ita ba ce. In ka saɓa mata don kana wa coci aiki to cocin ka jawo wa zagi.

Ni fa wannan rabon da kake yi na aikin Allah da aikin kasuwa ban san inda ka samo shi ba. Yesu kansa a garinsu da sassaƙa aka san shi, duba Markus 6:3, kuma babu inda aka rubuta cewa majami'a kaɗai ya yi wa aiki, Nazarat ƙauye ne, me kafintan ƙauye zai yi in ba ƙofa da garma da abin zama ba? Ka duba angarib ɗin, gadon itace mai saƙar igiya, da muke yi kullum kana raina shi. A kansa mace ke haihuwa, a kansa ake zaunar da amarya da ango ranar jirtik, al'adar bikin aure ta Sudan, a kansa kuma ake ɗaukar mutum zuwa makwancinsa. In ramin ƙafar ya yi wa sandar faɗi ka cusa tsumma da gam ka rufe, wata rana a kafaɗar mutane zai karye da gawa a kai. Ka gaya mini wannan ba aikin tsoron Allah ba ne.

To maganar zane. Nan ne nake so ka natsu, domin akwai masu ganin duk wani ado ɓarnar kuɗi ne, ni ban yarda da su ba ko kaɗan. Buɗe Fitowa sura 31 ka karanta labarin Bezalel ɗan Uri na kabilar Yahuza. Allah ya kira shi da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa, ba don ya yi wa'azi ba, don ya ƙirƙiro fasali ya yi aikin zinariya da azurfa da tagulla, ya yanka duwatsu ya sassaƙa itace. Aka haɗa shi da Oholiyab na kabilar Dan, a sura 35 kuma aka ce an ba su baiwar koya wa wasu, kaga kenan har da irinku yara a warshar, wato shagon kafinta. Itacen da suka yi akwatin alkawari da shi ma dangin sunut ne, bagaruwar nan da ke cinye mana haƙoran zarto, kuma an ba su awo daidai, tsawo kamu biyu da rabi, faɗi ɗaya da rabi, tsayi ɗaya da rabi. Awo aka fara ba su kafin ado, ka riƙe wannan.

A ƙasar nan ma ba baƙon abu ba ne. Can arewa a Faras kusa da iyakar Masar, tsakanin 1961 da 1964 masu tonon tarihi daga Poland suka haƙo wata babbar coci daga cikin yashi kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye wurin, bangonta cike da zane, wasu tun ƙarni na 8, Kiristocin Nubiya ne suka yi. Aka ɓamɓaro su aka raba, wasu Warsaw wasu gidan tarihi na Khartoum. Mutanen nan ba su ga zane a matsayin girman kai ba, kai ma kada ka gani.

Nuna kai yana shigowa ne lokacin da adon ya manta da mai amfani da kayan. Na ga hoton da ka turo, ganyen inabin nan da ka zagaye gicciyen da shi ya yi kyau a takarda amma ka yi masa zurfi da yawa, ka manta habub, guguwar ƙurar nan? Ƙura ɗaya za ta cike ramukan, kuma matan zumunta ne za su zo ranar Asabar suna ƙwaƙula da tsinke suna tsine wa kafinta a zuci. Ka rage zurfin, ka sulɓe gefen yadda tsumma zai wuce sau ɗaya. Gicciyen ka bar shi fili ba tarkace, a gefe kuma maimakon kwafo na intanet me zai hana ka ɗauko zanen ƙwarya irin na gida, ko aska irin ta wuyan babbar riga? Yawancin 'yan cocinmu Nuba ne, mutanen Tsaunukan Nuba, za su gani su san hannun Bahaushe ne ya yi, ni ina ganin babu laifi a wannan.

Kafin duk wannan dai ka kira fasto ya tsaya ka auna shi, mutumin gajere ne, kada ka yi abin da zai ɓoye shi sai kai kawai ake gani. Saman ya ɗan karkace, ka sa masa baki a ƙasa mai tare littafi domin Littafi Mai Tsarkin Larabcin nan nasa nauyi gare shi, ka huda ƙaramar kafa ta wayar makirfo tun yanzu ba sai an shafa fenti ba. Ƙafafu da gindi ka yi da sunut saboda gara, amma ka fara hudawa kafin ƙusa in ba haka ba ko ta lanƙwashe ko itacen ya tsage. Allon gaba kuwa maɗacin nan da ke jingine bayan warsha ya bushe sosai, shi zai karɓi sassaƙa, ka gwada zanen a guntu tukuna ka turo mini.

Bambar ɗin Hajja ka saƙa da igiyar roba mai kauri ba siririyar ba, ka ja ta sosai don masu zama a kai ba yara ba ne, kuma ka sa wa ƙafafun 'yar kwalliya ko layi biyu ne, kuɗinta ta biya ita ma. In ka kai mata ka gaishe ta, ka ce usta, wato ni maigidanka, na hanya.