Tambaya da Amsa: Kiran Tsakar Dare da Kuɗin Waya Mai Zurarewa

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk a kan abu ɗaya suke kuka, wato kuɗin da mutum ya sa a waya da guminsa, ya wayi gari ya tarar babu. Mun ɗauki uku, domin kowace da irin ƙofar da kuɗin ya bi ya fita.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar kasuwa ce, ina sayar da atamfa a babbar kasuwar Garwa. Ina da ƙane da ya tafi neman kuɗi Libiya shekara biyu ke nan, ba shi da lamba tsayayya, duk wayar da ya samu da ita yake nemana. Daren Alhamis da ta wuce, wajen ƙarfe uku, wayata ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Da na ga lambar waje ce sai gabana ya faɗi, na ce ko wani abu ne ya same shi. Na kira, ta daɗe tana shiga ba a ɗauka ba, daga baya wata murya ta ce da Faransanci in dakata za a haɗa ni. Ina nan ina jira har sefa 4,000 da na sa da yamma suka ƙare ƙaf. Maƙwabciyata ta ce sun riga sun shiga wayar, in jefar da layin. Gaskiya ne? Kuɗin da ke cikin asusuna na waya fa?
Daga wata baiwar Allah, unguwar Yelwa, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar miki da alheri, ya kuma jiyar da ke labari mai daɗi daga wajen ƙanenki. Kada ki jefar da layinki, domin babu wanda ya shiga wayarki, kuma wanda ya kira ki bai san sunanki ba, bai san kina da ɗan'uwa a Libiya ba. Kwamfuta ce ke bin lambobi a jere, dubbai a cikin ɗan lokaci, tana buga kowace sau ɗaya tana katsewa, taki kuma ta faɗo a cikin jerin. Masu aikin sadarwa suna kiran wannan damfara da suna wangiri, kalma ce ta Japananci mai nufin ƙara ɗaya a yanke, domin a Japan aka fara saninta a farkon shekarun 2000.

Ga yadda kuɗin ke tafiya. Duk lokacin da kika kira ƙasar waje, kamfanin layinki yana biyan kamfanin da ya karɓi kiran a can wani kaso, kuma wannan kaso ba ɗaya ba ne a ko'ina. Akwai lambobi masu ɗan karen tsada, kamar na wayar tauraron ɗan'adam da ke farawa da +870 ko +881, da waɗansu na +882, da na ƙananan tsibiran tekun Fasifik irin su Nauru mai +674, Tonga mai +676 da Vanuwatu mai +678. 'Yan damfara sukan yi hayar irin waɗannan lambobi a hannun dillalai bisa sharaɗin a raba kuɗin kowane minti da su. Saboda haka ba su da wata bukata a wurinki sai ki daɗe a kan layi. Wannan ƙarar da kika ji kamar waya na shiga ba a ɗauka ba, galibi naɗaɗɗen sauti ne, an riga an ɗauki kiran tun daƙiƙar farko, lissafi yana ta tafiya. Muryar da ta ce ki dakata ita ma naɗaɗɗiya ce. Sau da yawa ma kiran ba ya isa ƙasar da lambar ta nuna, a hanya ake tare shi, don haka babu dalilin ɗora wa mutanen wata ƙasa laifi saboda an ari lambarsu.

Kada ki ɗauka rashin wayo ne ya jawo miki. A watan Mayu na 2019 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, sai da ta fitar da gargaɗi ga jama'arta kan irin wannan kira na tsakar dare daga lambobi masu farawa da +222, wato na Muritaniya. Sai dai a wurinmu abin ya fi samun gindin zama, saboda wata ɗabi'a tamu wadda ni ba na ganin aibinta ko kaɗan. Mu mutane ne masu yin bip, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke cewa filashin. Ɗalibi a jami'ar Ngaundere ya buga wa mahaifinsa sau ɗaya ya katse, uban ya san ma'anarsa: ba ni da kiredi, ka kira ni. Tsohuwa a ƙauye ta yi wa ɗanta na Duwala haka, shi kuma ya bar abin da yake yi ya neme ta. Babba shi ke kira, mai hali shi ke kira, haka zumuncinmu ya tsara. Wannan kyakkyawar al'ada ce ɓarayin nan suka mayar tarko, suka kuma zaɓi ƙarfe uku na dare saboda a lokacin ido bai buɗe sosai ba, kuma kowa ya san kiran dare ba kasafai yake zuwa da labarin banza ba.

Abin da nake so ki riƙe shi ne karanta farkon lamba kafin ki taɓa komai. Lambar Libiya da +218 take farawa. Tamu ta Kamaru +237 ce, kuma tun watan Nuwamba na 2014 lambobinmu suka koma alƙalumma tara, na wayar hannu suna farawa da 6. Chadi +235, Najeriya +234, Afirka ta Tsakiya +236, Nijar +227, Gabon +241, Sudan +249, Saudiyya +966. Waɗannan su ne wuraren da yawancinmu ke da dangi ko abokan ciniki. Ki lura da kyau, +231 na Laberiya da +232 na Saliyo suna kama da na maƙwabtanmu ga mai gaggawa, bambancin alƙalami ɗaya ne tak. In ƙanenki ya sake nemanki, ku yi alkawari da shi cewa duk sabuwar lambar da zai kira da ita, ya fara turo saƙo da sunansa, ko ya yi miki magana ta WhatsApp. Mai neman ki da gaske ba ya bugawa sau ɗaya ya haƙura. Idan kuma akwai dattijai a gida waɗanda ba sa kiran waje, ki tambayi ofishin kamfanin layinsu a rufe musu kiran ƙasashen waje, su ci gaba da amsawa kawai.

Amsa kira a cikin ƙasa ba ya cin kuɗin mai amsawa, mai kira shi ke biya. Na faɗi haka ne saboda jita-jitar da ke dawowa lokaci-lokaci, irin wadda ta tayar da hankalin jama'a a Najeriya a 2011, cewa wai akwai lambar da in ka amsa za ka mutu, har sai da hukumar sadarwar ƙasar ta fito ta ƙaryata. Kuɗin asusunki na waya ma suna nan, ba sa fita sai da lambar sirrinki. Amma ki yi hattara da kira na biyu, wanda ya fi na farko haɗari: wani zai iya kiranki da lambar gida, da murya mai ladabi, ya ce daga kamfani yake, za a mayar miki da kuɗi, ki danna *126# ko #150# ki bi abin da zai faɗa miki. Waɗannan su ne ƙofofin MTN Mobile Money da Orange Money, kuma duk wanda ya ce ki sa lambar sirri don a turo miki kuɗi, fitar da naki yake so ya yi.

Game da sefa 4,000 ɗinki, ba zan sa miki rai ba, domin kiran an yi shi da gaske daga layinki, kuma da wuya a mayar. Duk da haka ki je ofishin kamfanin da lambar da ranar da lokacin, ki nemi a rubuta ƙorafinki, saboda ta haka ne suke gane jerin lambobin da za su toshe wa sauran jama'a. In ba a saurare ki ba, akwai hukumar ART da aka kafa a 1998 don sa ido kan kamfanonin waya, akwai kuma ANTIC mai kula da laifukan intanet a ƙarƙashin dokar ranar 21 ga Disamba, 2010.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan acaɓa ne a Marwa. Kullum na sa kati da daddare, da safe sai in tarar an cire sefa 100 ban kira kowa ba. Saƙonni kuma suna ta shigowa na sakamakon ƙwallo da na wai abin da taurari suka ce a kaina, ni kuwa ban nemi ko ɗaya ba.
Daga wani matashi, Domayo, Marwa.

AMSA: Ɗan'uwa, an yi maka rajistar wata hidima ce mai sabunta kanta kullum. Irin waɗannan hidimomi, na waƙar jiran kira, na labarin ƙwallo, na gasar tambayoyi, har da na addu'o'i, yawanci waɗansu ƙananan kamfanoni ne ke sayar da su ta gajerun lambobi, su raba kuɗin da kamfanin layi. Ba dukansu ne na zamba ba, amma hanyar shigarsu ce ke da duhu. Wani lokaci saƙo ne ke faɗowa a fuskar waya yana cewa a danna don amincewa, kai kuma kana kan babur, wayar na aljihu, ko ka fito da ita hannu ɗaya kana neman lambar fasinja, yatsa ya sauka a kan "Ok". Wani lokaci yaro ne ya ari wayar yana wasa ya taɓa talla. Na taɓa duba wayar mahaifiyata na tarar da rajista uku a kanta, alhali ba ta karanta boko, ta kuma yi watanni tana zargin jikokinta da cinye mata kati.

Akwai kuma wanda babu hannun kowa a ciki. A watan Agusta na 2020 kamfanin Upstream mai binciken tsaron waya ya bayyana cewa ya gano muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 a Habasha, Masar, Ghana, Afirka ta Kudu da nan Kamaru, wadda ke ƙoƙarin yi wa mutane rajista a ɓoye. Kamfanin Transsion mai ƙera wayar ya ce matsalar daga wajen wani mai kawo masa kaya ta fito, ya kuma fitar da gyara. Google ma ya sanar a watan Janairu na 2020 cewa ya cire manhajoji 1,700 daga rumbunsa saboda irin wannan aiki. Don haka ka duba wayarka, duk manhajar tocila ko ta gyaran hoto da ba ka san lokacin da ta shigo ba, ko wadda aka tura maka a shagon caji, ka goge ta.

Kada ka raina sefa 100. A wata sefa 3,000 ke nan, a shekara 36,500, kuɗin da za su saya maka tayoyi da baƙin mai. Ka buɗe ɗaya daga saƙonnin ka ga gajeriyar lambar da ta turo shi, sau da yawa akan rubuta yadda za a fita a ƙarshensa, galibi da tura kalmar STOP. In bai yi ba, ka je ofishin kamfanin da katin shaidarka, ka ce a nuna maka dukan rajistocin da ke kan layin da ranar da aka yi kowace, a soke su a gabanka, ka kuma nemi a mayar da na waɗanda ba ka amince da su ba. Kada ka tashi sai saƙon sokewar ya shigo wayarka.

TAMBAYA: Malam, gidanmu a Kusiri yake kusa da bakin kogi. Ban tsallaka Njamena ba, amma wani lokaci katina yana ƙarewa da sauri, har in ga sunan wani kamfani daban a saman waya.
Daga wani magidanci, Kusiri.

AMSA: Alhaji, wannan ba damfara ba ce, kusanci ne ya jawo. Kogin Logon ne kaɗai ya raba ku da Njamena, rezo kuwa, wato sabis ɗin waya, bai san iyaka ba. Idan na Kamaru ya yi rauni a ɗakinka, wayar da kanta takan koma kan na Chadi, wato Airtel ko Moov Africa, daga nan sai a lissafa ka a matsayin matafiyi, farashin kira da na intanet su canza, wani lokaci har amsa kira ya ci kuɗi. Mutanen Fotokol da Amcide suna fama da irin wannan da rezon Najeriya. Ka shiga saitin wayar, wajen zaɓen rezo, ka cire shi daga zaɓi da kansa, ka zaɓi kamfaninka da hannu, sannan ka kashe intanet na tafiya waje. Ranar da za ka haye gadar Ngeli zuwa kasuwa sai ka mayar da shi yadda yake, ko ka riƙe layin Chadi na biyu don wannan rana, kamar yadda 'yan kasuwar garinku da yawa suke yi.